Kiɗa da Busa a Zaure Ɗaya: Yadda Ake Sauraron Sarewa da Fiyano

Gabatarwa

Idan zangon karatu ya zo ƙarshe, a jami'o'in da ke da sashen nazarin kiɗa akan ga 'yan takardun gayyata manne a allon sanarwa. Ɗalibi zai tsaya gaban malamansa da sauran jama'a ya nuna abin da ya koya, kuma galibi shiga kyauta ce. Irin wannan zama yana faruwa a wasu majami'u da ɗakunan taro na manyan birane, kamar cibiyar MUSON da ke Onikan a Legas, wadda ƙungiyar da ta mallake ta ta kafu tun 1983. Mu 'yan sashen Hausa mukan wuce takardar ko kallo ba ta ishe mu ba. Wanda ya daure ya shiga kuwa yakan fito yana cewa: ba waƙa, ba ganga, ba rawa, mutum biyu ne kawai suna ta abinsu, jama'a sun yi tsit kamar ana zaman makoki.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna wa mai karatu abin da ya kamata kunnensa ya bi idan ya sami kansa a zaman da aka haɗa sarewar Turawa da fiyano. Da yawa daga cikinmu gidan rediyo ko aikin fassara za mu nufa bayan kammala karatu. Ranar da aka tura mutum ya ɗauko rahoton irin wannan taro da Hausa, ba zai wadatar ya dawo ya ce "an yi kiɗan Turawa, an tashi lafiya" ba.

Sa'ar da muka yi ita ce harshen ya riga ya raba mana aikin gida biyu. Bahaushe yana cewa kiɗa ga abin da ake bugawa ko ake taɓa tsarkiyarsa, kamar kalangu da garaya da molo. Yana cewa busa ga abin da ake hura wa iska, kamar algaita da kakaki da sarewa. Fiyano kaɗa shi ake yi, sarewa busa ta ake yi. Dukkan abin da za mu tattauna a ƙasa daga wannan bambanci ya taso.

Kayan aikin guda biyu

Sarewar da muke magana a kanta ta ƙarfe ce, tsawonta ya kai kimanin santimita 67, ana harhaɗa ta daga gaɓa uku, kuma a gicciye ake riƙe ta zuwa hannun dama. Ba a sa ta cikin baki. Mai busa yana ɗora leɓensa na ƙasa a gefen wani ɗan rami, ya hura siririyar iska ta bugi ɗaya gefen ta rabu biyu. Duk wanda ya taɓa hura bakin kwalbar lemo ta yi kuka ya san asalin abin. Wannan ya sa wani kaso na iskar yake tafiya a banza, shi ya sa mai sarewa yake saurin ƙarar da numfashi duk da cewa kayan aikinsa ba shi da nauyi.

A zamanin da, ta itace ce mai ramuka shida da murfi ɗaya tak. Wanda ya sauya mata kama shi ne Theobald Boehm, mutumin birnin Munich na ƙasar Jamus, maƙerin zinariya kuma gwanin busa. A 1831 ya je Landan ya ji wani mabushi mai suna Charles Nicholson, wanda sarewarsa ke da manyan ramuka da amo mai ƙarfi. Ya koma gida ya duƙufa. A 1832 ya fitar da samfurin farko, a 1847 kuma ya fitar da wanda duniya take amfani da shi har yau da 'yan gyare-gyare kaɗan. Dabararsa ita ce ya huda ramukan a inda lissafin sauti ya ce a huda, ko da yatsa ba zai kai wurin ba, ya kuma faɗaɗa su fiye da yadda yatsa zai iya toshewa. Sai ya ƙera marufai masu ɗan matashi a ciki da sanduna masu haɗa su, ta yadda yatsu tara za su iya sarrafa ramukan duka. Da wannan sarewa ake hawa oktaf uku. Ga wanda bai san oktaf ba, waɗanda suka yi waƙar kwaya a coci ko a firamare za su tuna do, re, mi har a sake dawowa kan do na sama. Wannan tazarar ita ce oktaf ɗaya.

Fiyano kuwa a birnin Florence na Italiya aka ƙirƙire shi wajajen 1700, a hannun Bartolomeo Cristofori. Na zamani yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Kowane madanni yana ɗaga 'yar guduma mai lulluɓin ulu ta doki waya, kuma wayoyin sun haura ɗari biyu. Sunan kansa daga Italiyanci ne, ma'anarsa "a hankali", domin abin da ya bambanta shi da kakansa hafsikod shi ne ana iya kaɗa shi a hankali ko da ƙarfi gwargwadon nauyin yatsa.

To ga inda gizo ke saƙar. Sautin fiyano da zarar guduma ta doki waya ya fara mutuwa ke nan, makaɗin ba shi da ikon ƙara masa ƙarfi bayan ya fita. Sautin sarewa yana nan da rai muddin akwai numfashi. Ana iya fara shi siriri a kumbura shi, a sa masa 'yar rawa, a sake sirantar da shi. Amma sarewa sauti ɗaya take iya fitarwa a lokaci guda, alhali fiyano yana iya fitar da goma. Kowanne yana da abin da ɗan'uwansa ya rasa. Aikin mai tsara kiɗa shi ne ya san wa zai ba wace magana.

Wa ke jagora, wa ke amshi?

Kunnen da ya saba da waƙar baka yana neman jagora da 'yan amshi. Shi ya sa baƙo a irin wannan zama yakan kafa wa mai sarewa ido, domin shi ne a tsaye, a gaba, da abu mai ƙyalli a hannu, ya ɗauki mai fiyano a matsayin yaronsa. A wasu kaɗe-kaɗen haka abin yake. Amma a nau'in da ake kira sonata, wato dogon kiɗa mai babi uku ko huɗu da aka tsara wa mutum ɗaya ko biyu, jagorancin karɓa-karɓa ne. Sarewa ta faɗi jimla, fiyano ya maimaita ta a ƙasa ko ya juya ta, ko ya katse ta kafin ta kai aya. Wani lokaci fiyano ne ke ɗauke da karin, sarewa tana yi masa ado daga sama.

Tun zamanin Johann Sebastian Bach ake wannan. A babbar sonatarsa ta sarewa da hafsikod, mai lamba BWV 1030, wadda rubutun hannunsa na wajajen 1736 yake nan har yau, hannun dama na makaɗin murya ce mai zaman kanta daidai da sarewa, hannun hagu kuma murya ta uku. Mutum biyu ne a dandamali amma baki uku ke magana. A yau da fiyano ake yawan kaɗa ta, kuma a ganina ita ce mafi wuya ga sabon kunne, domin babinta na farko dogo ne kuma ba ya tsayawa ya huta. Idan ka gan ta a jerin abin da za a gabatar, zaɓi murya ɗaya ka bi ta na ɗan lokaci, sannan ka sake ta ka kama wata.

Mu da muka koyi Hausa a aji muna da wata 'yar riba a nan. Mun sha wahalar rarrabe karin sama da na ƙasa da mai faɗuwa, da dogon wasali da gajere, abin da ɗan asalin harshen yake yi ba tare da ya yi tunani ba. Wannan horon na lura da hawa da saukar murya shi ne dai ake bukata wajen gane cewa jimlar da fiyano ya faɗa yanzu ita ce sarewa ta faɗa ɗazu.

Abin da aka fi bugawa

Yawancin abin da ɗalibai ke bugawa daga Faransa ya fito, kuma akwai dalili. Paul Taffanel ya zama malamin sarewa a babbar makarantar kiɗa ta Paris a 1893, kuma a zamaninsa aka riƙa neman manyan masu tsara kiɗa su rubuta sabon abu domin jarrabawar ƙarshen shekara. Haka aka sami Fantaisie ta Gabriel Fauré a 1898, da Concertino ta Cécile Chaminade a 1902, da Cantabile et Presto ta George Enescu a 1904. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙirar jarrabawa gare su: sashe mai tafiyar hawainiya don a ji kyan sauti da tsawon numfashi, sai sashe mai gudu don a ga yatsu. Ba su da tsawo, kuma su ne suka fi sauƙin shiga kunne.

Daga ɓangaren masu jin Jamusanci akwai ta Franz Schubert ta 1824, inda ya ɗauki karin wata waƙarsa a kan busassun furanni ya yi ta juya shi sau bakwai, da kuma sonatar Undine ta Carl Reinecke ta 1882, wadda aka gina a kan labarin wata 'yar ruwa da ta auri ɗan'adam. Sergei Prokofiev kuwa ya rubuta tasa a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka kwashe masu fasaha daga Mosko zuwa can cikin ƙasa. An fara buga ta a Mosko a watan Disamba na 1943, Sviatoslav Richter ne a kan fiyano. Abin mamaki, kiɗa ne mai haske da fara'a, ba ka cewa a cikin yaƙi aka haife shi. Gwanin goge David Oistrakh ya ji ta ya yi sha'awa, ya roƙa aka mayar masa da ita ta gogen Turawa a 1944, har wasu suka ɗauka asalinta ke nan.

Sonatar Poulenc: mu bi ta daki-daki

Idan mutum zai koyi guda ɗaya kafin ya je zaman farko, shawarata ya koyi ta Francis Poulenc, wanda ake furta sunansa kamar "Fulank". Ita ce wadda zai fi yiwuwa ya tarar, kuma duka-duka ba ta wuce minti goma sha biyu zuwa sha uku ba.

Poulenc Bafaranshe ne, an haife shi a 1899, ya rasu a 1963. A 1956 wata gidauniya a Amurka ta nemi ya tsara kiɗa don tunawa da Elizabeth Sprague Coolidge, attajirar da ta kashe dukiyarta wajen tallafa wa irin waɗannan ƙananan kaɗe-kaɗe, wadda ta rasu a 1953. A lokacin hankalinsa yana kan babbar wasan kwaikwayon waƙarsa a kan wasu mata masu zaman zuhudu da aka kashe a juyin juya halin Faransa, wadda aka fara nunawa a Milan a watan Janairu na 1957. Ya rubuta sonatar a garin Cannes tsakanin ƙarshen 1956 da farkon 1957. A watan Yuni na 1957 aka fara gabatar da ita a bikin kiɗa na Strasbourg, Jean-Pierre Rampal yana busa, shi Poulenc da kansa yana kan fiyano.

Babi na farko yana da matsakaicin sauri, kuma umarnin da aka rubuta a kansa da Italiyanci yana nufin a buga shi da 'yar damuwa. Sarewa ce ke buɗe baki, da wasu sautuka huɗu masu sauri kamar tuntuɓen harshe, sannan karin ya riƙa gangarowa taki-taki. Riƙe waɗannan sautuka huɗun, domin za su yi ta dawowa, wani lokaci a bakin fiyano. A kiɗan Turawa akwai launi biyu na jeren sauti, ɗaya kunne yana jin sa da haske, ɗaya da duhu. Gwanintar Poulenc a nan ita ce ba ya zama a ɗaya. Jimla za ta fara da duhu ta ƙare da haske, ta gaba ta juya, kamar mutumin da ke ba da labarin rashi yana murmushi. A tsakiya tafiyar takan ɗan ƙara sauri, fiyano ya gabatar da sabon kari mai faɗi, sarewa ta karɓa. Nan ne wuri na farko da za ka gane ko mutum biyun sun yi atisaye tare ko kuwa jiya suka haɗu.

Babi na biyu sunansa Cantilena, wato 'yar waƙa. Fiyano ne ke fara taka sautukan farko shi kaɗai, sarewa tana bin sawunsa a baya kaɗan kamar amsa-kuwwa, kafin ta ɗauki dogon karin da ya sa sonatar ta yi suna. Masana sun lura da kamanninsa da waƙoƙin waccan wasan kwaikwayo ta masu zuhudu, kuma ba abin mamaki ba ne tunda a tsakanin watanni kaɗan aka rubuta su. A nan fiyano bugu ne kawai a hankali, daidai-wa-daida kamar tafiyar agogo, duk nauyin yana kan numfashin mai busa. Lura da inda yake shaƙar iska. Mai algaita yana da dabarar tara iska a kumatu ya riƙa shaƙa ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba. Mai sarewa a irin wannan kiɗa ba haka yake yi ba; yana yanke sautin ya shaƙa, don haka wajibi ne ya zaɓi gurbin da yankewar za ta zama waƙafi. Wanda ya shaƙa a tsakiyar jimla kamar mai karanta labarai ne da ya tsaya tsakanin suna da sifarsa. Ko ba ka san kiɗan ba za ka ji wani abu ya karye. Nagartaccen mai fiyano kuma yana numfashi tare da abokinsa, ya ɗan jinkirta yatsa na ƙiftawar ido don ya ba shi sarari.

Babi na uku gudu ne da barkwanci, sarewa tana tsalle can ƙololuwar muryarta, fiyano yana dukan gajerun sautuka kamar mai tsokana. Ana cikin haka sai komai ya tsaya cak, wani kari daga babi na farko ya leƙo a hankali, sannan gudun ya dawo ya rufe. Wanda ya riƙe babi na farko a ransa shi ne zai ji daɗin wannan wuri. Wanda bai riƙe ba zai zaci mabushin ne ya gaji.

Matsalolin zaure

Abin da ke rubuce a takarda daban, abin da zaure zai bari a ji daban. Sarewa tana da rauni a sautukanta na ƙasa, kuma babban fiyano da aka buɗe murfinsa duka yana iya haɗiye ta. Shi ya sa sau da yawa za ka ga an ɗaga murfin kaɗan kawai da gajeren sanda. Idan kana ganin yatsun mai sarewa suna motsi amma ba ka jin komai, yawanci laifin mai fiyano ne ko na ɗakin.

Kafin a fara, mai fiyano zai danna madanni ɗaya, mai sarewa ya busa, ya ɗan zaro gaɓar sama ko ya tura ta ciki. Ba a fara ba tukuna, saiti ake yi. Sautin da ake daidaitawa a kansa shi ne wanda ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Fiyano ba ya motsi daga inda mai gyara ya bar shi, amma sarewa tana hawa idan ta ɗumama ko aka busa da ƙarfi, tana sauka idan ta yi sanyi ko aka busa a hankali. Saboda haka mai busa yana ta gyara da leɓe daga farko har ƙarshe, aikin da ba a gani.

A yanayi irin namu wahalar ta ninka. Laimar damina tana kumbura katakon fiyano, hunturu ya busar da shi, saitin wayoyin ya lalace, masu gyara kuma ba su da yawa. Wannan ne ya sa a wurare da dama ake amfani da fiyanon lantarki, wanda ba ya sauka daga saiti amma yana mutuwa idan aka ɗauke wuta, kuma amonsa daga lasifika yake fita. Fanka ma abokiyar gaba ce: iskarta tana karkatar da siririyar iskar da ke fita daga leɓen mai busa, ta kuma watsar da takardu. Idan ka ga an kashe fankar da ke saman dandamali ana zufa, ba rowar wuta ba ce. Mutum na uku da ke zaune a hagun mai fiyano kuwa aikinsa juya shafi ne kawai, ba a tafa masa.

Maganar tafi ita ce ta fi jefa baƙo cikin kunya. A al'adar wannan kiɗa ba a tafi tsakanin babi da babi, sai an kai ƙarshen sonatar gaba ɗaya. Al'adar ba ta kai kiɗan tsufa ba, domin a zamanin Mozart jama'a suna tafi har a tsakiyar kiɗa, amma yau ita ake bi. Dubi takardar shirin ka ƙirga babi nawa ne, ko ka jira mai sarewa ya sauke ta daga bakinsa, mai fiyano ya miƙe. Ba a liƙi, ba a kirari, kuma waya a kashe take. Ga ɗalibin da ke tsaye a can, shirun da ke tsakanin Cantilena da babi na ƙarshe shi ne 'yan daƙiƙun da yake da su ya haɗiye yawu ya tattara hankalinsa, ga malamai a layin gaba riƙe da biro.

Namu na gida

Kada mai karatu ya ɗauka sai Bature ne ke tsara wa waɗannan kayan kiɗa. J. H. Kwabena Nketia na Gana, wanda ya rasu a 2019, ya rubuta Republic Suite domin sarewa da fiyano a daidai lokacin da ƙasarsa ke shirin zama jamhuriya a 1960. Joshua Uzoigwe na Nijeriya, wanda ya rasu a 2005, yana da Oja Flute Suite, wadda ta ɗauko suna da ruhi daga oja, 'yar gajeriyar sarewar itace ta Ibo. Akin Euba kuma, wanda ya rasu a 2020, ya daɗe yana kira da a riƙa kaɗa fiyano da tunanin ganga, tunda shi ma dukansa ake yi. A irin waɗannan ayyuka kunnenmu ne ke gaba da na baƙo, domin bugun da ke ruɗa ɗalibin Paris mu da shi aka yaye mu. Idan ka karɓi takardar shiri a bakin ƙofa ka ga babu ko ɗaya daga cikinsu, babu laifi bayan an tashi ka tambayi mai sarewar dalili.